Kwanon da Ya Dawo daga Bama

Shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama, ƙasar nan da ke can gaba da Indiya, motar ƙarshe da ta shigo Gashua daga Nguru kafin damina ta rufe hanya ta sauke wani dogon Babarbare, sanye da tsohuwar rigar soja da ta rasa maɓallai biyu, da ƙunshi a hammata. Ya yi ta bin mutane yana tambayar gidan Audu Gashua. A Gashua kuwa, ka tambayi gidan Audu, kamar ka tambayi gidan mai hula ne. Sai da ya ce mutumin masunci ne, yana da tabon ƙugiya a gefen leɓe, sannan wata mai tallan nono ta ce, "Ai Saleh kake nufi," ta nuna masa hanyar bakin kogi.

Meram, matar Saleh, tana tsugune gaban murhun banda tana juya tarwaɗa lokacin da aka yi sallama. Shekara huɗu ke nan da tafiyar mijinta soja, kuma a cikin shekarun nan ba ta taɓa jin sallamar namiji a ƙofar gidan ba tare da ta saki abin da take yi ta kasa kunne ba. Surukarta Yagana ce ta amsa, ta shimfiɗa wa baƙon tabarma. Meram ta tsaya a bayan zana inda take jin komai.

"Sunana Abatcha, Iya. Mutumin Nguru ne ni. Shekara uku tare muke ci da ɗanki."

"Lale, lale. Yana ina?"

Sai ya kwance ƙunshin. Abu uku ne a ciki. Akwai kwano mai kusurwa huɗu, kamar ƙaramin akwati ba murfi, da mariƙin waya mai naɗewa, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Akwai cokalin ƙarfe. Sai wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, mai haƙori guda a lanƙwashe.

Yagana ta dubi kayan, ta fara salati a hankali.

"A'a, Iya, dakata. Ban ga gawarsa ba."

Ya ba su labari. A dajin Bama, in ji shi, abinci daga sama yake faɗowa, jirgi ne ke jefo shi da lema: shinkafa, ganyen shayi, biskit mai karya haƙori, da nama a gwangwani. Sojoji biyu-biyu suke girki. Kowa da kwanonsa, ɗaya ya tafasa shayi a nasa, ɗaya ya dafa shinkafa a nasa, su haɗa su ci. Wata safiya a bakin wani kogi, shinkafa tana kan wuta a kwanon Saleh, sojojin Jafan suka buɗe musu wuta daga tsallake. Ƙarfe ya sami Saleh a cinya. Masu ɗaukar marasa lafiya suka ɗora shi a gadon zane suka yi baya da shi, bataliya ta yi gaba. An ce irinsu jirgi yake kai su asibiti a Indiya. Daga ranar bai sake jin ɗuriyarsa ba. Ya duba a jirgin ruwan da ya dawo da su, ya duba a Ikko, ya duba a Kano.

Daga bayan zana muryar Meram ta fito. "Da aka ɗauke shi, yana magana?"

"Har da tsokana, matar abokina. Ya ce in rage masa shinkafarsa, wai ya san cikina."

"Ka rage masa?"

Abatcha ya sunkuyar da kai. "Har yamma na ajiye."

Direban motar ya ce kafin la'asar zai juya, ga hadari ya taso a gabas, saboda haka Abatcha bai daɗe ba. Yana ɗaura takalmi ya ce musu, bayan damina, idan aka buɗe cinikin gyaɗa, akawun soja zai zauna a Nguru kusa da tashar jirgi, yana sauraron maganar waɗanda suka dawo da waɗanda ba su dawo ba. "Ku kai masa kwanon nan. Yana gani zai gane ko wane ne, ya gaya muku inda yake." Bai ƙara komai a kai ba. Shekara uku ya yi a cikin mutanen da kowannensu ya san abin da ke gindin kwanon soja, bai zo masa a rai cewa akwai wanda bai sani ba.

Kafin magariba unguwa ta yanke hukunci. Mata suka shigo gaisuwar mutuwa, suna cewa kaya ba sa dawowa su bar mai su sai in ƙasa ta rufe shi, haka aka sani tun kaka da kakanni. Babu ko ɗaya a cikin kakannin nan da ya taɓa jin sunan Bama, amma wannan bai rage wa maganar ƙarfi ba. Washegari liman ya aiko cewa babu sadaka, babu takaba, sai an sami wanda ya ga gawa ko takarda daga hukuma. Matan nan suka dawo suka janye gaisuwarsu, suna cewa ai dama jikinsu bai ba su ya mutu ba.

Meram ta tsinci kanta a tsakiya. Ba ta iya sa lalle, wataƙila gwauruwa ce. Ba ta iya shiga takaba, wataƙila tana jawo wa mai rai mutuwa ne. Idan ta ɗaga hannu bayan salla sai ta rasa abin da za ta roƙa masa, sauƙi ko gafara. Abu ɗaya take so, a gaya mata: yana raye ko ya mutu. Ko wanne ne za ta iya ɗauka.

Aka raba kayan ba tare da an yi shawara ba. Ɗan ƙarfen mai haƙori ya zaga unguwa. Wanzami ya ce da shi ake zaro harsashi daga jiki. Maƙeri ya ce ƙugiyar kamun wani kifi ce da babu irinsa a kogin Yobe. Mai tallan nono ta ce layar Nasara ce, kada a bar ta kusa da mai ciki. Daga ƙarshe Yagana ta zura masa zare ta rataye a bakin ƙofa, ko da mai nonon ce ke da gaskiya.

Cokalin kuwa tun ranar farko tsohuwar ta ɗauke abinta. "Wannan ya shiga bakin yaron nan," in ji ta. Ta naɗe shi a farin ƙyalle ta tura ƙarƙashin matashinta, ta ce ruwa ba zai taɓa shi ba muddin tana numfashi. Yaron nan take ce masa, domin ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Meram ma ba ta kamawa, miji ne. Shekara huɗu ana kewar mutum a gidan, sunansa bai fito daga bakin kowa ba.

Kwanon ya zama na Meram.

A bakin kogin Gashua, ba a fuska ake sanin mace ba, a gindin kwanonta ne. Da hantsi mata suke sauka da tasoshi da langa, su ɗebi lallausan yashin da ruwa ya tace, su haɗa da toka, su dirza har hannu ya yi ja. Wadda tasarta ta fi ƙyalli ita ce mai tarbiyya, wadda ta bar baƙi a gindin tukunya kuwa har uwarta sai an ambata. Ba a taɓa jin ƙyallin tasa ya ƙara wa miya daɗi ba, amma haka aka tarar ana yi.

"Da wannan baƙin za ki tsaya gaban hukuma?" in ji Yagana. "Su ce daga wane gida ya fito?"

Ko ba ta faɗa ba, Meram ta riga ta ƙudurta. Ranar farko hayaƙin ya fita, ruwan da ke gaban ƙafafunta ya yi baƙi. A ƙarƙashinsa ƙarfen fari ne, ba nauyi, mai taushi, yashi yana cinsa da sauƙi. Da ta kifa kwanon sai ta ga wasu ƙarce-ƙarce a gindinsa, a jere, hayaƙi ya zauna a cikinsu. Ta yi karatun allo tana yarinya, ta san baƙaƙe, waɗannan ba su yi kama da ko ɗaya ba. Ta ɗauka duwatsun murhu ne suka ƙarje shi, ko bakin wuƙa. Su kaɗai suka rage suna ɓata farin. Ta ƙara yashi.

Ruwa ya sauka. Kogi ya cika ya haura fadama, hanyar Nguru ta nutse, masunta suka shiga ruwa a kan gorunansu. Babu mota, babu labari, babu wanda za a tambaya. Abin da ya rage a hannun Meram da za ta iya yi wa mijinta shi ne kwanon nan, saboda haka kullum da hantsi, bayan ta gama da na gida, sai ta fito da shi. Ƙananan ƙarcen na gefen dama su suka fara tafiya, ɗaya bayan ɗaya. Biyu na farkon jerin sun fi zurfi, suka yi mata gardama. Ta san su kamar yadda ta san layukan tafin hannunta: ɗaya kamar gora mai ɗaurin ƙugu, ɗaya miƙe kamar sanda. Sai da gero ya fara nuna sannan su ma suka haƙura.

Matan bakin kogi suka riƙa karɓar kwanon suna duba fuskarsu a ciki. "Meram, wannan ko Bature ya gani sai ya tashi tsaye." Ta ji daɗin maganar. Tun zuwan Abatcha, ranar ce ta fara cin tuwo har ta ƙoshi.

Da ruwa ya ja baya, ta sami ayarin takarkarai masu kai banda da gyaɗa Nguru. Tana ɗaura kaya Yagana ta fito daga ɗaki da farin ƙyallen nan a hannu, ta tsaya kamar mai shawara da kanta.

"Ungo. Ko za su ce su ga duka. Amma ki dawo min da shi yadda na ba ki."

"To, Iya."

"Kada ki bar kowa ya shafa shi."

Ta tsinke zaren ɗan ƙarfen ma ta haɗa mata.

Kwana uku suka yi a hanya, suka yada zango a Jajimaji. Meram ba ta taɓa wuce Katuzu, nan gefen Gashua, ba. A Nguru kukan jirgin ƙasa ya sa ta dafe bango, masu dako suka yi mata dariya. Ta sami Abatcha a ƙofar wani siton gyaɗa yana gadi, da sanda a kafaɗa a inda bindiga take zama da.

"Matar abokina. Kin zo. Yaya Iya?"

Bayan gaisuwa ta fito da ɗan ƙarfen ta tambaye shi ko gaskiya ne laya ce. Ya yi dariya har ya jingina da buhu.

"Mabuɗin gwangwani ne. Ki kafa haƙorin a baki, ki riƙa dannawa kina zagayawa, murfi ya tashi."

"Wata huɗu yana tsare mana ƙofa."

"To ai ya tsare. Wani gwangwani ya shigo muku?"

Ita ma ta yi murmushi. Zuciyarta a sake take, ga kwano a ƙunshe a ƙirjinta, ga ofis ɗin can tana hangowa.

Ofis ɗin rumfar kwano ce da teburi ɗaya. Maza sun yi layi a bakin ƙofa cikin ragowar kakinsu, wani da sanduna biyu a hammata, wani da hannun riga a naɗe ba komai a ciki. Sai bayan azahar aka kira su. Akawun, Malam Babayo, matashi ne mai tabarau, da katon littafi a gabansa da kwalbar tawada. Ya yi musu magana da ladabi irin na wanda ya gaji.

"Baiwar Allah, sunan mijin naki?"

Meram ta dubi ƙasa, sannan ta dubi Abatcha.

"Saleh ne a gida," in ji Abatcha. "A soja Audu Gashua. Ranar da aka ɗauke mu a Kano, sajan mai rubutu ya gaji. Wanda ke gabansa a layi Audu ne, shi ma ya zama Audu."

Malam Babayo ya buɗe littafin, ya bi layi da yatsa, ya juya shafi, ya dawo.

"Audu Gashua bakwai gare ni. Biyu sun dawo, sun zauna a kan bencin nan. Biyu sun rasu. Ɗaya har yanzu yana asibiti a Indiya. Biyu ba a rubuta komai a gaban sunansu ba."

Meram ta matso. Ba ta taɓa kusantar amsa haka ba, tana nan a kan teburi, tazarar hannu ɗaya.

"Malam, wanne ne nawa?"

"Lambarsa ce za ta faɗa. Soja ba ya ɓata in akwai lamba."

"Ai mun zo da ita," in ji Abatcha. "Da ƙusa ya zana ta a gabana. Kawo kwanon."

Ta kwance zanen a hankali, ta ɗora kwanon a kan teburi. Hasken ƙofa ya faɗa a kansa ya tashi ya bugi rufin rumfar. Akawun har ya ɗan gyara tabarau. Abatcha ya ɗauka ya kifa shi. Ya duba. Ya karkata shi wajen haske, ya sa babban yatsa ya shafa gindin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya juya shi ya duba ciki, ya sake kifawa.

"Wannan ne wanda na kawo?"

"Shi ne."

"Ina rubutun?"

"Wane rubutu?"

Ta dubi fuskar Abatcha, ta dubi yatsansa a daidai inda gorar nan take da, sai ta gane.

"Ƙarce ne na gani," in ji ta. "Baƙi ya shiga ciki. Na ce kada in zo gaban hukuma da shi haka."

Malam Babayo ya karɓi kwanon. Bai yi mata faɗa ba, ita kuwa da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya tsoma tsumma a tawada ya shafe gindin, ya jira, ya goge, ko tawadar za ta maƙale a wani ɗan rami da ido bai gani ba. Ba ta maƙale ko'ina ba. Meram ta iya aikinta.

"Na san su," ta ce da sauri. "Wata huɗu ina kallonsu. Zan zana maka."

Ta durƙusa a ƙasan ofis ɗin, ta share turɓaya da tafin hannu, ta zana gora mai ɗaurin ƙugu, ta zana sanda a gefenta. Akawun ya leƙo ta saman teburi.

"Takwas da ɗaya. Madalla. Sauran fa? Saura huɗu."

Ta riƙe yatsa a sama. Ƙanana ne, su suka fara tafiya tun farkon damina. Akwai wani mai lanƙwasa. Ta fara zanawa, ta goge, ta sake, ya fito kamar ƙugiya, ta sake ya fito kamar kan macijin ruwa. Ta rufe ido, ba ta ga komai ba sai farin ƙarfe da fuskarta a ciki.

"Duk wanda aka ɗauka a Kano a watan nan da takwas da ɗaya lambarsa ta fara," in ji Abatcha a hankali. "Tawa ma haka."

"Biyar ɗin da suka rage ma haka," in ji akawun, yana duba littafin.

Mai sanduna biyu ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Malam Babayo ya kai hannu zai rufe littafin, sai Abatcha ya ce, "Cokali. Muna zanawa a mariƙin cokali ma. Ko shi ma kin…"

"Ruwa bai taɓa shi ba."

Ta warware farin ƙyallen. Cokalin yana nan yadda ya zo, dusu-dusu, da tsohon maiƙo a wuyansa. Ta ƙi sakinsa, ita ta riƙe shi, akawun ya sunkuyo ya sa ido. Akwai zane a bayan mariƙin, ƙanana, shida cif. Ya fara karantawa da ƙarfi da Turanci, ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. Bai kai ga rufe baki a kan ta ƙarshe ba, duga-dugan Abatcha suka haɗu da kansu, ƙirjinsa ya miƙe.

"Sa," in ji shi, amsar da soja ke yi wa Bature idan aka kira lambarsa.

Shi kansa sai da ya ji muryarsa sannan ya gane abin da ya yi. Kafaɗunsa suka sauka.

"Tawa ce," ya ce. "Lambata ce."

Ya zauna a bakin benci, ya dafe kai. Ya ce tare suke ajiye cokulan a cikin kwano ɗaya, kowa ya zari wanda hannunsa ya kai. Safiyar nan Saleh ya zura ɗaya a aljihu yana jiran shinkafa ta nuna. Ashe nasa ya zara. Da shi aka ɗauke shi.

Malam Babayo ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce zai rubuta takarda Kaduna, ya faɗi abin da ya sani: Audu Gashua, rauni a cinya, bakin kogi.

"Ka sa yana da tabo a leɓe," in ji Meram. "Nan gefen. Ƙugiya ce ta kama shi yana yaro."

"Zan sa. Amma kada in ruɗe ki, su ba sa rubuta leɓe. Amsar da za ta dawo, za ta ce a aiko da lamba."

"Na asibitin nan, ƙafa ce ke damunsa?"

"Ba su faɗa ba."

"Biyun da suka rasu fa, a bakin kogi ne?"

"Ba su faɗa ba, baiwar Allah. Suna, lamba, sai kalma ɗaya."

Ta tsaya tana kallon shafin, a juye yake daga inda take. Layuka biyar, ɗaya nata ne. Ta ga gora da sanda a farkon kowanne, yanzu ta iya gane su. Akawun ya ce ta dawo bayan wata uku, in ba a tashe shi daga Nguru ba. Sannan ya kira mai sanduna.

A waje rana ta karkata, masu dako suna ta jidar buhuna zuwa tarago. Meram da Abatcha suka tsaya a inuwar wani bango.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?" in ji ta.

"Ban san za ki wanke ba."

"Kwano ne fa, Malam Abatcha."

"Mu da gangan muke barin su su yi baƙi. A dajin can, abin da ya yi ƙyalli shi ake fara harbi." Ya ja numfashi. "Laifina ne. Kalma ɗaya ce da na faɗa."

Ba ta ce laifinsa ba ne, ba ta ce ba nasa ba ne. Tana naɗe cokalin a ƙyallensa, yadda tsohuwa ta naɗe, bakin a ciki.

"Naka ne, amma ba zan ba ka ba."

"Riƙe. Ya ci da shi, wallahi. Ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba."

"To haka zan riƙe a raina."

Kwana uku ta sake yi a hanya. Yagana tana zaune a ƙofar gida tun da aka ce an hango ayari. Ba ta bari Meram ta sha ruwa ba.

"Me suka ce?"

"Sun ce za su rubuta takarda. A jira."

"Sun ga kwanon?"

"Sun gani."

"Ai na san ba za ki ba mu kunya ba. Ina abina?"

Meram ta miƙa mata. Tsohuwar ta warware, ta duba, ta kai shi hanci ta shaƙa, ta naɗe, ta shiga ɗaki da shi. Meram ta bi bayanta da kallo, ba ta gaya mata cokalin na Abatcha ba ne.

Washegari ta hura murhun banda. Da hayaƙi ya kama sosai, ta ɗauko kwanon ta zuba ruwa a ciki, ta ɗora shi a inda harshen wuta ya fi lasa. Tawadar akawu ba ta kama komai ba, amma tawada ruwa ce, in ji zuciyarta. Hayaƙi ne ya nuna mata zanen da farko. Wataƙila ya san inda yake.

Haka ta riƙa yi kullum. Kwanon ya yi ja, ya yi ruwan ƙasa, ya koma baƙi. Yagana ta yi mita har ta gaji. Matan bakin kogi suka ce tafiyar Nguru ta taɓa Meram, mace mai hannu irin nata ta koma ƙazama. Liman ya aiko yana tambaya ko takarda ta zo, aka ce masa tukuna. Wata uku suka cika, wani mai takarkari ya kawo labari cewa an rufe rumfar da ke kusa da tasha, akawun ya koma Kano.

Wata safiya tana zaune a bakin ruwa da kwanon a kife a cinyarta, tana shafa hayaƙin da ɗan yatsa a hankali, tana karkata shi wajen rana. Wata maƙwabciya ta ji tausayinta, ta ɗebo yashi mai laushi cike da tafi ta miƙo mata.

"Ungo, 'yar'uwa. Ko ki kawo in dirza miki."

Meram ta rufe gindin kwanon da tafin hannunta.

"Bar shi," ta ce. "Kamar na ga wani abu a nan gefen."

Maƙwabciyar ta sunkuyo ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta zubar da yashin a ruwa, ta koma kan tasoshinta.